Mai Facin Keke na Kusa da Babbar Kasuwar Garwa da Yadda Aikinsa Yake

Duk da yawan baburan da suka cika titunan Garwa, a arewacin Kamaru, har yanzu keke ne abin hawan mutane da dama, musamman masu kawo albasa da ganye daga lambunan bakin kogin Binuwai, da ɗaliban makarantun sakandare, da masu tallan burodi, da magidantan da kuɗin man fetur na kullum ya fi ƙarfin aljihunsu. Duk wanda ya dogara da keke a wannan gari ya san cewa taya ce ta fi tsayar da mutum a hanya, domin ƙasarmu ƙasar ƙaya ce, kuma zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, yana busar da roba har ta tsattsage tun ba ta tsufa ba. Saboda haka masu faci suna da yawa, kusan kowace mararraba akwai mai daro da famfo a gindin bishiya. Sai dai waɗanda facinsu ke kai wata shida bai ɗaga ba kaɗan ne, kuma a kan ɗaya daga cikinsu nake son yin wannan bayani.

Rumfarsa tana ɗan gaba da babbar kasuwa, a inuwar wata darbejiya, ba ta da allo, ba ta da suna. Dattijo ne Bahaushe wanda kowa ke kira Baba, yana da yara biyu masu koyon sana'a, kuma yana jin Fulatanci kamar yadda ake bukata ga duk mai sana'a a nan, tare da ɗan Faransancin da zai ishe shi ciniki da ma'aikatan da suka zo daga kudu. Na daɗe ina kai masa kekena, na kuma zauna a kan bencinsa na ga yadda yake yi da kekunan wasu, kuma hukuncin da na yanke shi ne aikinsa ya cancanci kuɗin da yake karɓa, ya kuma cancanci jiran da ake yi, ko da yake akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba waɗanda zan faɗa a wurinsu.

Kayan aikinsa ba su bambanta da na sauran ba: daron ruwa, famfon hannu mai tsawo, liba biyu ko uku na ɓanɓare taya, sifanu, filaya, almakashi, magagari, gwangwanin sholisho, da wani tsohon fistin na mota da yake facin wuta da shi. Bambancin yana wurin abin da yake fara yi. Yawancin masu faci da zarar sun fito da tiyub sai su buga masa iska su tsoma a ruwa, su ga inda kumfa ke fita, su manna faci, su mayar, su karɓi kuɗi. Shi kuwa kafin ya zare tiyub ɗin gaba ɗaya sai ya yi alama da alli a jikin taya daidai wurin bawul, domin idan ya gano hujin ya iya shimfiɗa tiyub a kan taya ya san ainihin inda abin ya shiga. Daga nan sai ya juya cikin tayar, ya bi ta da tsumma, sa'an nan ya bi ta da yatsu a hankali daga farko har ƙarshe. Dalilinsa a fili yake, tunda ƙayar da ta huda tiyub sau da yawa takan karye ta bar tsininta a cikin robar taya, ba a ganinta daga waje, kuma idan aka mayar da tiyub a kanta, kafin mutum ya kai gadar Binuwai ta sake huda shi a wuri ɗaya ko kusa da shi. Mai keke sai ya ce facin ne bai kama ba, alhali ƙayar ce ba a cire ba.

Wannan bincike yana da muhimmanci a nan fiye da wasu wurare saboda irin ƙayar da muke fama da ita. Tsidau, wanda ke yaɗo a ƙasa a gefen hanya bayan damina, 'ya'yansa idan sun bushe suna da tsini mai tauri, kuma duk yadda suka faɗi sai wani tsinin ya kalli sama, shi ya sa taya ɗaya kan kwashi uku ko huɗu a taku ɗaya. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa dogaye ne, suna iya ratsa taya su huda tiyub ta sama su fita ta ƙasa. Na ga an kawo masa keken wani mai kai kaya kasuwar ranar Lahadi ta Pitoa, wani gari da ke kusa da Garwa, wanda ya ratse cikin ciyawa don ya ba wata babbar mota hanya. Bayan Baba ya ga kumfa a wuri guda bai tsaya ba, sai da ya zagaya da tiyub ɗin duka cikin ruwa, yana miƙa shi da hannu biyu domin ƙananan hujin su buɗe, har ya samo wasu biyu da ba su nuna ba da farko. Da ya tsaya a na farkon, da mutumin ya kwana da iska ya wayi gari taya ta sace.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake karanta huji, kuma yana gaya wa mai keke abin da ya gani. Idan huji ɗaya ne ƙarami a bayan tiyub, ɓangaren da ke fuskantar ƙasa, to ƙaya ce ko ƙusa ko guntun waya. Idan biyu ne a jere kamar saran maciji, to iska ce ta yi ƙaranci, ƙafar ta faɗa rami ko ta daki bakin kwalta, rim ya matse tiyub ya tsaga shi, kuma maganin wannan shi ne a riƙa cika iska yadda ya kamata, musamman ga masu ɗora buhu a kariya. Idan hujin yana ciki, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to laifin na kan wayoyin ƙafa ne da suka yi tsawo, ko na tsatsa, ko kuma robar da ake naɗawa a cikin rim don ta rufe kawunan wayoyin ce ta tsinke. A irin wannan yakan goge tsinin da magagari, ya yanko sabon ɗauri daga tsohon tiyub ya naɗa, kuma ban taɓa ganin ya ƙara kuɗi a kan wannan ba. Idan kuwa tiyub ya yage ne daga gindin bawul, wanda yawanci tafiya a kan tayar da ba ta da iska ke jawowa, yakan faɗa kai tsaye cewa faci ba ya zama a wurin, a sayi sabo.

Shi kansa facin, a nan ne haƙurinsa yake bayyana. Yana share ruwan sosai, ya ajiye tiyub ya bushe, sa'an nan ya kankare wurin da magagari har ƙyallin robar ya tafi, kuma yana kankare fili da ya fi facin faɗi domin kada gefe ya sauka a kan roba mai santsi. Idan hujin yana kusa da layin da ke jikin tiyub, inda robar ta ɗan taso, sai ya goge layin ya kwanta, saboda ta nan iska ke samun hanya ta bi ƙarƙashin faci. Yana shafa sholisho siriri, ba ya lafta shi, sa'an nan ya jira kamar minti biyar har ruwan da ke cikinsa ya tashi, ya daina sheƙi. Mutane da yawa suna zaton sholisho yana kamawa ne yana da danshi kamar gam ɗin takarda, amma ba haka yake aiki ba. Idan aka rufe shi da faci bai bushe ba, ruwan da ya rage yana maƙalewa a tsakani, facin ya zauna a sama-sama, kuma rana ɗaya ta zafin Garwa ta isa ta ɗaga shi. Na ji wani matashi mai sauri yana roƙonsa ya manna haka nan, sai ya amsa masa da cewa: "Ɗana, in ka ba ni minti biyar yanzu, na hutar da kai turin keke gobe." Da hunturu, lokacin da iska ke ɗauke da ƙura, yakan kifa kwano a kan wurin da ya shafa wa sholisho har ya bushe, kuma ba ya barin yatsa ya taɓa wurin.

Faci iri biyu yake amfani da su a wannan aiki na sanyi, wato facin da ba a sa masa wuta. Akwai na kamfani, masu zagaye da gefe ja siriri, irin su Tip Top na Jamus da kwaikwayonsu da suka cika kasuwa, akwai kuma wanda yake yankowa daga tsohon tiyub. Na kamfanin ya fi kyau, tunda ƙasansa yana da wata roba mai laushi da aka yi ta don ta haɗu da sholisho, gefensa kuma yana sirancewa har ya kwanta daidai da tiyub. Na tsohon tiyub ya fi araha, kuma a hannunsa yana daɗewa, domin yana yanka shi a zagaye ba tare da kusurwa ba, ya gyara gefen a karkace da almakashi, ya kankare shi, ya shafa sholisho a ɓangarorin biyu. Yana tambayar mai keke wanda yake so, ya faɗi kuɗin kowanne kafin ya fara. Bayan ya manna sai ya ɗora tiyub a kan katako ya danna da ƙotar guduma daga tsakiya zuwa gefe, ya barbaɗa hoda don kada sauran sholishon ya manne da cikin taya, ya ɗan sa iska kaɗan yadda tiyub zai yi siffa, sa'an nan ya mayar. Gefen ƙarshe na taya da tafin hannu yake tura shi, ba ya sa liba sai dole, kuma wannan ma abin lura ne, tunda ba ƙaramin adadin huji ba ne liba ke yi a hannun mai gaggawa yayin mayar da taya.

Facin wuta yana ajiye shi ne don tsaga mai tsawo, ko tiyub ɗin babur mai kauri. Yana ɗora ɗanyen roba a kan wurin, ya rufe da takarda, ya matse a ƙarƙashin fistin, ya kunna wuta a cikin kofin fistin ɗin har zafi ya dafa robar ta haɗe da jikin tiyub. Asalin wannan dabara ita ce dafa roba da farar wuta domin ta yi ƙarfi ta daina narkewa da zafi, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1844. Idan an yi shi daidai yana da ƙarko matuƙa, amma tiyub ɗin keke siriri ne, wuta kaɗan ta wuce ƙima sai wurin ya ƙone ya yi tauri, ya tsage daga gefe bayan 'yan makonni. Baba ba ya barin yaransa su yi wannan aiki, kuma a ganina ya yi daidai.

Inda aka fi gane gaskiyar mai faci shi ne lokacin da tayar kanta ce ta yanke, ba tiyub kaɗai ba. Fasasshiyar kwalba ko guntun kwano na iya tsaga taya har zaren cikinta ya tsinke, kuma idan aka yi wa tiyub faci aka bar tsagar, iska za ta turo tiyub ɗin ta wurin ya kumbura ya fashe. Idan tsagar ƙarama ce kuma a tsakiyar taya take, yakan yanko wani yanki daga gefen tsohuwar taya, ya cire wayar leɓenta, ya sirance gefensa, ya manna ta ciki yadda zai zarce tsagar ta kowane ɓangare. Bai yarda da tsohon tiyub a wannan wuri ba, saboda tiyub yana miƙewa, abin da ake bukata kuwa shi ne abu mai zare a ciki wanda ba ya miƙewa. Idan tsagar a gefen taya take, yakan ɗinke ta da basilla da zaren masu gyaran takalmi kafin ya manna wancan yanki na tsohuwar taya ta ciki, amma yana faɗa wa mai keke cewa wannan gyara ne na a kai ga ranar samun kuɗi, kuma yana mayar da irin wannan taya ƙafar baya, domin fashewar tayar gaba a kan gudu ita ce ke kayar da mutum. A nan ina da ɗan saɓani da shi. Ƙafar baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma mai ɗora buhun masara a kariya ba zai ji daɗin ɗinkakkiyar taya a can ba ko na mako guda, saboda haka ina ganin da ya ƙi yi wa masu dako wannan ɗinki gaba ɗaya, ko da za su ji haushi. Idan kuwa wayar leɓen taya ce ta tsinke ko ta fito, ba ya ko taɓawa, duk da cewa akwai masu karɓar kuɗi su naɗe wurin da roba su sallami mutum.

Yana sayar da tiyub da taya kaɗan, waɗanda yawancinsu ƙirar Sin da Indiya ne, kuma ya san girmansu yadda ba kowane mai shago a kasuwa ya sani ba. Tsofaffin manyan kekuna irin su Phoenix da Hero da Raleigh suna ɗaukar taya mai lamba 28 x 1½, wadda faɗin da'irar rim ɗinta daga gefe zuwa gefe milimita 635 ne. Kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai kuwa da yawansu ma 28 ake rubuta musu, amma nasu rim ɗin milimita 622 ne, kuma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Kekunan hawan dutse masu lamba 26 nasu 559 ne. Na ga ya mayar da wani mutum kasuwa da sabuwar taya a hannu, ya nuna masa ƙananan lambobin da ke jikin tsohuwar, ya ce su zai duba, kada ya tsaya a kan 28 ɗin. Haka nan game da bawul. Manyan kekunan suna da irin wanda ake kira da sunan Dunlop, mutumin da ya ƙera tayar iska ta keke a 1888, kuma a cikin tsohon samfurinsa akwai wata 'yar siririyar roba da zafi ke cinyewa. Sau da yawa tayar da ke sacewa a hankali ba ta da huji ko ɗaya, wannan robar ce ta mutu. Kafin ya kwance ƙafa yakan ɗiga ruwa a bakin bawul ya duba, kuma idan matsalar ke nan sai ya sauya robar ya karɓi abin da bai kai rabin kuɗin faci ba. Mai son zuciya zai iya kwance komai ya manna faci a inda babu huji, mai keke kuma ba zai taɓa sani ba.

Game da kuɗi, abin da na saba biya shi ne sefa 200 a kan huji ɗaya da facin tsohon tiyub, 300 da na kamfani, kuma idan hujin sun yi yawa yana ragewa a kan na biyu da na uku. Gyaran tsagar taya yakan kai 500, ya danganta da girmanta. Akwai masu yi a ƙasa da haka, ban kuma ce duk aikinsu ba shi da kyau ba, sai dai idan aka lissafa komawa sau biyu da asarar wunin aiki, arahar ba ta kai yadda ake zato ba. Idan facinsa ya ɗaga a cikin 'yan kwanaki yana sakewa kyauta, amma sai ya tsoma tiyub ɗin a ruwa a gaban mai keke domin a ga ko tsohon wurin ne ko sabon huji. Idan faci ya yi yawa a tiyub har wani na hawa kan wani, yakan ba da shawarar a haƙura da shi.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba su ma na gaske ne. Na farko shi ne jira. Da safe 'yan acaɓa sukan cika wurin, kuma ko da yake yana cewa layi ake bi, na sha ganin babur ya wuce gaban keke, tunda aikin babur ya fi kawo kuɗi, masu shi kuma sun fi ɗaga murya. Ɗalibin da ya zo da ƙarfe bakwai yana iya makara a makaranta saboda wannan. Na biyu shi ne aikin yaran idan ba ya nan. Babban ya fara ƙwarewa, amma ƙaramin yana gaggawar manna faci kuma yana son amfani da liba, saboda haka duk wanda ya tarar Baba ya tafi masallaci ko kasuwa, gara ya zauna ya jira shi. Ruwan daron ma yakan wuni ba a sauya ba har ya yi baƙi, kuma a irin wannan ruwa ƙaramar kumfa tana da wuyar gani. Ba shi da kan famfon da ke shiga siririn bawul na kekunan tsere, wanda ake kira Presta, kuma ba shi da ma'aunin iska, da babban yatsa yake gwadawa. Ga babban keke wannan ya wadatar, amma mai siririyar taya ya kamata ya duba adadin da aka rubuta a gefenta ya cika a inda ake da ma'auni, kuma da bazara kada a cika ta ƙil sa'an nan a jingine keke a rana.

Abin da ya fi damuna shi ne sholisho. Gwangwanin yakan zauna a buɗe a gefen benci, abin da ke sa shi yin kauri da wuri, kuma yara biyun suna shaƙar tururinsa duk yini. Kowa a garin nan ya san abin da sholisho ya yi wa wasu yaran da ke kwana a tasha da bakin kasuwa. Na shaida cewa Baba ba ya sayar wa kowa ko cokali ɗaya, na ga ya kori wani yaro da ya zo da ƙyalle yana roƙo, amma rufe gwangwani da nisantar da shi daga fistin ɗin wuta abu ne da ya kamata ya zama ɗabi'a, tunda abu ne mai saurin kamawa da wuta. Tsofaffin tayoyin da ya tara a bayan rumfa su ma suna tara ruwa da damina, sauro yana hayayyafa a ciki, kuma maƙwabtansa masu sayar da abinci suna da haƙƙin yin ƙorafi a kai.

Lokacin da ya fi dacewa a je shi ne da hantsi, bayan 'yan acaɓa sun watse, ko kuma bayan la'asar. Ranar Juma'a yana rufewa kafin azahar, ba ya dawowa sai an sauko daga masallaci. Wanda tayarsa ta sace a nesa kada ya hau keken ya ce zai lallaɓa, ya tura shi da hannu, domin tafiyar kilomita ɗaya a kan rim tana iya mayar da facin sefa 200 ya zama sayen sabon tiyub da sabuwar taya. Idan kuma akwai ƙusa ko ƙaya a jikin tayar ana ganinta, a bar ta a wurin har a isa rumfar, saboda ita ce za ta nuna masa inda zai fara dubawa.